Littafi Na Tara Na Malam Badruddeen

Da Malam Badruddeen ya dawo daga sallar Juma'a, ya ɗauke sandar da ya gicciya a ƙofar shagonsa, ya tura ƙyaure, sai ya tsaya cak. Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburin aikinsa a buɗe yake, kwaɗon a fashe yana reto.

Shagon gyaran talabijin ne a Ƙofar Dumi, a jikin gidansa, har da 'yar ƙofa ta baya mai shiga tsakar gida. Talabijin shida na mutane suna nan a jere, ba a taɓa ko ɗaya ba. Kayan aikinsa ma suna nan. Ya durƙusa gaban akwatin yana bin littattafan da ke ciki da yatsa, leɓensa yana motsi. Sau uku yana bi. Saba'in ne maimakon saba'in da ɗaya. Na tara ne babu.

Salatin da ya saki shi ya tara mutane.

Duk wanda ya tashi a unguwar ya san littattafan nan. Shekara talatin da biyar ke nan ana nuna wani shirin Turawa na tafiya cikin sararin samaniya, labarin wani jirgin fatake mai yawo tsakanin duniyoyi. Sunansa na Turanci ya gagari bakin mutane, sai Malam Badruddeen ya raɗa masa Ayarin Taurari, ya kira shugaban jirgin Madugu, sunayen kuwa suka zauna. Tun daga kashi na farko yake zama gaban talabijin da biro da littafin rubutu, yana rubuta abin da ya faru cikin Hausa. Kashi ɗari tara da 'yan kai ya rubuta. A nuna ranar Asabar da yamma, ranar Lahadi da hantsi teloli da masu walda su taru bakin shagon, ya karanta musu abin da Turanci ya ɓoye musu. Ranar Litinin mai zuwa Madam Adaobi, mai ɗab'i a Titin Wunti, za ta zo ta kwashi littattafan a buga su.

"Wa ya rage a layin nan lokacin da muke masallaci?" wani ya tambaya.

Duk kawuna suka juya zuwa shagon da ke kallon na Malam. Oga Benedict mai gyaran fanka yana tsaye a ƙofarsa da sukundireba a hannu. Kirista ne, daga kudu ya zo tun yana saurayi, kuma shi ke lura da shagunan layin duk Juma'a.

"Ai ba ma sai an tambaya ba," in ji Muktar, ɗan ƙanin Malam, wanda ke ɗinki a Ƙofar Wambai. "Littafi na tara fa aka ɗauka. Wa ya shekara talatin yana cewa abin da ke cikinsa ƙarya ne?"

Surutu ya kaure. Wani ya ce a shiga shagon a bincika, wani ya ce a gaya wa wanda ya ba shi hayar shagon ya kore shi. Mai unguwa ne ya ɗaga hannu. Ya hana kowa taka shagon Malam, ya ce a hau babur a je Tirwun a ɗauko Jalo.

*

Jalo dattijo ne siriri, Bafulatani, wanda ya sayar da yawancin shanunsa ya zauna a gefen gari. Aikinsa bin sawu. An san ya taɓa bin shanun sata kwana huɗu har ƙasar Ningi, ya nuna gidan da aka kwana da su da itacen da aka ɗaure su. Ba shi da talabijin, bai taɓa ganin Madugu ba.

Da ya sauka daga babur bai dubi fuskar kowa ba. Ƙafafun mutane ya riƙa bi da kallo yana amsa gaisuwa. An yi ruwa da safe, ƙasar layin tana da danshi. Ya zaga ta gaban shagon Benedict ya dawo, ya cire takalmansa, ya tsuguna a dokin ƙofar Malam ya jingina haɓa a kan sandarsa. Simintin shagon ya daɗe da farfashewa, ƙura mai laushi ta kwanta a kansa. Ya fi rabin sa'a a haka. Mutane suka gaji da jira suka fara komawa inuwa.

Can ya shiga, yana taka gefen bango. Ya duba kwaɗon. Ya kwanta rubda ciki ya leƙa ƙarƙashin benci. Ya ɗauki wani gwangwanin madara daga kan tebur ya kaɗa, noti da sukurori suka yi ƙara a ciki, ya mayar inda yake.

"Malam, yau da safe ka yi aiki?"

"Na kwance talabijin biyu."

"Har zuwa yaushe?"

"Har aka yi kiran farko. A gaggauce ma na fita."

Jalo ya gyaɗa kai. "To nuna mini irin abin da aka sata. Ba a bin sawun dabbar da ba a san kamanninta ba, ni kuma boko ya wuce ni."

Malam Badruddeen ya zaro littafi na goma sha biyu ya buɗe masa. Kowane kashi da ranarsa da lokacin da aka fara shi. Akwai sunayen waɗanda suka fito, da zanen duniyar da aka sauka, da fassarar kalmomi masu wuya. Inda aka ɗauke wuta an ja layi an rubuta minti nawa ya wuce shi. Inda wani ne ya ba shi labarin, an rubuta a gefe: ji na yi. Can kuma da jan biro ya karanta wa Jalo: "Masu shirin ba su kula ba. A kashi na arba'in hannun hagu Madugu ya ƙone, yau tabon ya koma na dama."

Jalo ya yi dariya har haƙoransa suka fito. "Ashe kai ma mai bin sawu ne. Ni a ƙasa, kai a gilashi." Ya shafa takardar da bayan yatsa kamar mai shafa wuyan maraƙi. "Shekara talatin da biyar. Allah ya yi wa hannun nan albarka. To me na tara ya fi sauran da shi?"

"Kashi na ɗari da goma sha biyu," in ji Malam, muryarsa ta sauka. "Ayari ya sauka wata duniya inda murya ba ta sauri. Idan ka yi magana a wannan bakin kwari, sai ta shekara ashirin tana tafiya kafin ta kai wancan. Mahaifin Madugu ya taɓa aikin haƙar ma'adini a wurin. Mutum ne mai tsanani, har ya mutu bai taɓa ce wa ɗansa madalla ba. Madugu ya bi kwarin da ƙafa kwana uku, yana wuce muryoyin mutanen da suka daɗe da mutuwa, masu ciniki, mata masu kiran yara, har ya cim ma ta mahaifinsa tana tafe a hankali. Yana gaya wa wani ne: 'Yaron nan nawa, ka gan shi shiru-shiru, duk abin da ya mutu ya sa masa hannu sai ya tashi. Ni ne dai ban iya faɗa masa ba.' Sai Madugu ya rage sauri ya jera da muryar, suka yi ta tafiya tare har rana ta faɗi."



"Babu shi a jerin da Turawa suka fitar," Malam ya ci gaba. "Amma an ce wasu kaset ɗin farko sun ɓace musu. Madam Adaobi ta rubuta wa ƙungiyar masu son shirin a can ƙasar waje, sun ce a aiko musu da shi su gani."

"Ranar da aka nuna shi, a ina ka zauna ka kalla?"

Malam ya rufe littafin. "Na san kashin nan kamar yadda na san sunana."

Jalo ya lura ba abin da ya tambaya aka amsa masa ba, amma bai ja maganar ba.

*

Benedict ya rufe rabin ƙofarsa, yana zaune cikin fankoki marasa fiffike. Ya tura wa Jalo kujera.

"Baba, 'ya'yana huɗu duk a garin nan aka haife su," in ji shi. "Shekara talatin ina gadin layin nan ranar Juma'a, ko allura ba ta ɓata ba. Yau ɗaya na tafi kai wa wani mara lafiya fanka a Ƙofar Wambai, rabin awa kawai. Yanzu yaran da na riƙe a hannu suna jarirai su ke cewa a fasa mini shago."

"Na ga tafiyarka, na ga dawowarka. Tayar bayan babur ɗinka ta cinye ta gefe guda, ka canza ta kafin ta kayar da kai. Ni maganar kashin nan nake so in ji."

Benedict ya buga cinyarsa. "Babu shi! Ni da Malam tare muka fara kallon shirin nan, a talabijin ɗina ma. Ranar nan ina zaune gabanta daga ƙarfe biyar har bakwai, ƙwallo suka nuna. A satin ne babansa ya rasu a Darazo, ya tafi. Da ya dawo sai ga shi da labari. Na ce Malam, ba a nuna ba. Ya ce barci na yi. Tun ran nan muke wannan musu, da safe mu yi faɗa, da rana mu ci gyaɗa a faranti ɗaya."

"Idan aka buga shi a littafi, ai ka sha kaye har abada."

"Shi ya sa zan sata? Baba, in na sata ai na hana Turawan su gani su ce ni ke da gaskiya. Ni na fi kowa so a aika musu."

Jalo ya dube shi, wannan karon a fuska. "Ka kwana a gida hankali kwance. Mai unguwa ya sa a kula da shagonka."

*

Washegari da hantsi Jalo ya isa shagon ɗinkin Muktar a Ƙofar Wambai. Bai yi sallama ya shiga ba sai da ya ɗauki takalman da ke bakin ƙofa ya juya su. An yi wa na hagun faci da guntun taya a dunduniya.

"Jiya ka makara a masallaci," in ji shi bayan sun gaisa.

Ƙafar Muktar ta tsaya a kan keken ɗinki. "Aiki ne ya riƙe ni."

"Facin nan ya tsallake sandar ƙofar baffanka, ya yi taku biyar zuwa gaban akwati, ya juya ya fita da faɗin taku irin na mai gudu. Ka fi kowa ɗaga murya jiya. Ni kuwa idan na ji mai ɗaga murya, ƙafarsa nake duba."

Gumi ya tsatso wa Muktar. Ya tashi ya saki labulen ƙofa.

"Wallahi Baba ban ɗauka ba. Ina ba da labarin Ayari a waya, mutane suna bi na. Na roƙi Baffa ya ara mini na tara ya hana, ya ce sai an buga. Na san inda yake rataye makulli, na ce bari in shiga in ɗauki hoton shafukan kafin a sauko. Ina shiga na tarar an riga an fasa. Tsoro ya kama ni na gudu."

"Shi ne ka jefa wani a ramin don kada a leƙo naka."

Muktar ya sunkuyar da kai.

"Na san ba kai ka ɗauka ba, ƙasa ta riga ta gaya mini. Amma bayan la'asar za ka zo zauren baffanka ka maimaita wannan da bakinka."

*

Kafin azahar Jalo ya nemi izinin Malam ya gaisa da uwargida. Hajiya Halimatussa'adiyya ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar dalbejiya ta kawo masa kunun zaƙi. Mace ce gajera mai sanyin magana, ta haura sittin. 'Ya'yanta duk sun yi aure, su biyu suka rage a gidan. Tsakar gidan fes, ko tsinke babu.

"Hajiya, jiya ba ki ji motsi a shago ba?"

"Ina ɗaki," in ji ta, idonta a kan kofin da ke hannunsa.

"Kina kallon shirin nan?"

"Ina jin sa dai daga madafa. Shekara talatin da biyar mutum yana jin abu, ko bai so ba ya haddace."

Jalo ya shanye kunun a hankali ya ajiye kofin. "Bawan Allahn nan Benedict, jiya matarsa ta fara ɗaure kaya. Yau bayan la'asar zan wanke shi gaban jama'a. Ba zan kira sunan kowa ba. Aikina in nuna inda sawu ya nufa, ba na shiga gida in ja mutum."

Ya yi godiya ya fita. Ba ta ɗauki kofin ba har ya ɓace.

*

Bayan la'asar zauren Malam Badruddeen ya cika. Mai unguwa yana kan buzu, Malam a damansa. Benedict ya zauna nesa kusa da ƙofa. Muktar ya takure a lungu. Madam Adaobi ta zo da jakarta a kan cinya. Mutanen layi suka yi cincirindo a waje.

Jalo ya fara da Benedict, da murya yadda na waje za su ji. "Sawun mutumin nan ya zo bakin shago da rana, ya duba sanda, ya koma. Haka ya yi wa kowane shago a layin, har da na waɗanda suka ce a kore shi. Bai tsallaka ba. Wanda ya zage shi jiya ya san hanyar shagonsa."

Sannan Muktar ya faɗi nasa, ya matsa ya durƙusa gaban Benedict ya nemi gafara. Jalo ya roƙi mai unguwa a sallami mutanen waje a rufe ƙofa.

"Muktar ya faɗi gaskiya," in ji shi da aka rufe. "Sawunsa a kan shara yake, ke nan bayan an yi shara ya shiga. Malam, ka ce ka kwance talabijin biyu ka fita a gaggauce. Da ka dawo, ka lura shagonka a share yake?"

Malam ya ɗaga kai. "A share?"

"Hankalinka yana kan akwati. Wanda ya fasa kwaɗon ya ga sawunsa a ƙura, sai ya ɗauki tsintsiya. Na sha ganin haka, ɓarayin shanu ma suna jan reshe a bayansu. Amma ɓarawo inda ya taka kaɗai yake sharewa, kuma da gaggawa. Wannan ya share har ƙarƙashin benci, inda ƙafa ba ta shiga. Ya tsince noti da sukurorin da ka zubar, ɗaya bayan ɗaya, ya zuba maka a gwangwaninsu. Hannun da ya yi wannan ya saba da shagon nan, ya fara shara don ɓoye sawu sai sabo ya ƙwace masa tsintsiyar. Mai share sawu kuwa da baya-baya yake tafiya, inda shara ta ƙare nan ya fita. Wannan ba a ƙofar titi ta ƙare ba."

Ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa. "Iyakar abin da ƙasa ta faɗa mini ke nan."

Labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Hajiya Halimatussa'adiyya ta shigo da sallama, ta durƙusa, ta kwance bakin mayafinta ta ajiye littafi mai shuɗin bango gaban mijinta.

"Ni ce, Malam. Na jira na ji tashin babur ɗin Oga Benedict, na fasa da dutsen niƙa."

Malam ya dubi littafin, ya dube ta.

"Ranar da za ka tafi Darazo jana'izar Baba ka ce in kalla in riƙe maka. Na zauna, na kunna. Ƙwallo suka sa. Oga Benedict bai taɓa yin ƙarya ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka dawo bayan kwana bakwai, ba ka ci, ba ka magana da kowa. Abin da ka fara ce mini shi ne, me Madugu ya yi? Na buɗe baki in ce ba a nuna ba, sai na ga fuskarka. Ban san lokacin da bakina ya kama labari ba. Ina faɗa kana rubutawa, da muka gama ka ce in kawo maka tuwo. Daga baya na yi ta neman ranar da zan gaya maka, kullum sai in ga ka ƙara son sa. Da na ji za a aika wa Turawa, na ce za su kira ka maƙaryaci a idon duniya, aikin shekara talatin da biyar ya zube saboda ni. Na ɗauka don in ƙona shafukan. Na hura wuta sau biyu, na kasa."

"Har da maganar mahaifin Madugu?" in ji Malam. "Ita ma ke kika ƙaga?"

"Ita kaɗai ce ban ƙaga ba. Baba ne ya faɗa mini ranar sunan 'yarmu Salma, ina zuba masa ruwan alwala, kai kana can kana gyara lasifikar masallaci. Haka ya faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Ya ce kada in gaya maka, wai kanka zai kumbura."

Malam Badruddeen ya rufe fuska da hannun babbar rigarsa. Kafaɗunsa suka riƙa girgiza. Mai unguwa ya kawar da kai yana kallon bango, Madam Adaobi ta lalubi hankici a jaka.

Da Malam ya sauke hannun, sai ya fara duban Benedict.

"Laifina ya fi nata. Duk abin da ban gani da idona ba nakan rubuta ji na yi. Wannan ne kaɗai ban rubuta ba, don ina so ya zama na gani. Shekara talatin da ɗaya ina ce maka mai barci gaban mutane, jiya kuma na yi shiru ana zaginka. Ka yafe mini, Benedict."

Benedict ya taso ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Ya wuce, Malam." Ya ja hanci ya juya. "Amma Hajiya, kin wahalar da ni. Kin san abin da ke ƙona mini rai duk shekarun nan? A cikin ɗari taran nan babu wanda ya kai shi daɗi, ni kuwa ina ganin kamar kowa ya kalla ban da ni."

Dariya ta kuɓuce wa mai unguwa, sauran suka bi, har ita Hajiyar cikin hawaye. Jalo ya riga ya miƙe yana neman takalmansa. Malam ya ce ya tsaya a ci abinci, ya ce shanunsa biyu suna jiran ruwa.

*

Kwana uku Malam Badruddeen bai buɗe shago ba. A rana ta huɗu ya kai wa Madam Adaobi littattafan da kansa, shi da Benedict a babur ɗaya, akwatin a tsakaninsu. A gurbin kashi na ɗari da goma sha biyu ya sa a buga layi ɗaya: ran nan ba a nuna shirin ba, ƙwallo aka sa. Ta roƙe shi a bar labarin ko a ƙarshen littafi ne. Ya ce a'a, wannan littafin na abin da aka nuna ne, wancan kuma da mai shi.

A hanyar dawowa ya sa Benedict ya tsaya a shagon kayan makaranta.

Hajiya tana tsakar gida tana tsinkar zogale ya shigo. Ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna gabanta, ya ɗora sabon littafi a gwiwa. A bangon ya rubuta sunanta cikakke da manyan baƙaƙe, ya juya mata ta gani.

"Faɗa mini daga farko," in ji shi. "A hankali, yadda kika tsara shi."

Ta dubi sunan ta daɗe. Ta ture tiren zogalen gefe, ta goge hannu a zani.

"Wanne daga ciki?"

Biro ya tsaya a hannunsa. "Da wani ne bayan wannan?"

"Malam, kai kana kallo ni ina madafa ina jin muryoyi ba na ganin hoto. Me kake zato nake yi da su?" Ta gyara zama. "Sun fi arba'in. Ka koma ka ƙaro littafi."